Hannun Daman Gatari

Ƙawata Kubura, assalamu alaikum. Ki nemi wuri ki zauna, ki sa a rage miki muryar rediyo, don abin da zan gaya miki ba na tsaitsaye ba ne. Na so in kira ki a waya, sai na tuna bangon gidan nan ba ya riƙe magana, ko tari na yi a ɗaki ana ji a zaure. Shi ya sa na ɗauko biro. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda na koye shi, a jikin buhunan gari da tsofaffin littattafan yara. Kin tuna muna 'yan mata, in ana ba da labarin nan na mutum uku da kowannensu ya yi bajinta, ke ce kike yanke hukunci tun mai labari bai rufe baki ba? To ga irinsa ya biyo ni har tsakar gida, kuma duka ukun ni na haife su.

Kin san su, amma rabonki da su tun rasuwar babansu, shekara tara ke nan. Na farin, wanda ba na kama sunansa, zan ce masa Yaya Babba kamar yadda ƙannensa suke cewa. Shi ya gaji wuƙar mahaifinsa, yana fawa a kasuwar Funtuwa, amma ransa yana wajen ɗaukar hoto, in ana suna ko biki a unguwa shi ake kira. Sai Barira, wadda ta koyi ɗinkin hula a gefen cinyata. Daga zanen hula ta koma zane a kwamfuta, tana yi wa masu shaguna 'yan tallace-tallacen da ake turawa a waya. Sai auta, Muntari, shekararsa ashirin da biyu, gemu ya fito, sana'a ba ta fito ba. In la'asar ta yi kada ki neme shi ko'ina sai gidan dambe. Shi ba ya dambe, kallo kawai. Na yi faɗa, na yi nasiha, daga baya na koma addu'a.

Akwai wani bawan Allah, Alhaji Nasidi, da ya buɗe kamfanin wakiltar 'yan wasa. Da farko ban gane aikin ba, sai Barira ta warware mini. Ɗan wasa shi dai ya yi wasansa, kamfani ne zai nemo masa inda zai kara, ya yi magana da yawunsa, ya tallata shi har duniya ta san da zamansa. Alhaji yana da 'yan dambe goma sha biyu a hannunsa. Ya sa aka yi shela cewa yana neman wanda zai yi wa kamfanin tambari, ya zaɓa masa launin da za a riƙa gane shi da shi, ya tsara hotunan da za a riƙa ɗorawa a shafukan sada zumunta. Sharaɗinsa ɗaya ne, aikin gwaji dole a yi shi a kan Gatari.

Bari in gaya miki ko wane ne Gatari, don ni ma kwanan nan na sani. Sunansa na yanka Isiyaku, mutumin wani ƙauye ne, Unguwar Marke. A dambe, hannu ɗaya ake naɗe wa igiya, ita suke kira kara, da shi ake duka, ɗayan na karewa ne. Wanda yake naɗe hagu shi ne bahago. Gatari dama yake naɗewa, kuma shekaru ana tsoron wannan hannu. Bara waccan hannun ya karye a tsakiyar fili. Wani ya ɗauke shi hoto yana durƙushe, baki a buɗe, ya rungume hannun kamar jariri. Hoton ya zaga wayoyi, kowa yana ƙara masa tasa maganar dariya. Gatari ya koma ƙauye ya ce ba mai ƙara ɗaukarsa hoto. Sai magana ta bazu cewa hannun ya mutu, in ma zai dawo sai dai ya koma naɗe hagu, kamar yadda waɗanda hannunsu ya lalace suke yi. Alhaji ya san ƙarya ce, don da idonsa ya ga mutumin yana dukan buhun yashi. Amma masu shirya gasa sun ce sai sun gani. Sau uku yana tura masu hoto, sau uku ana koro su. Na ukun ma takalmi ɗaya ya dawo da shi.

To ga abin da Yaya Babba ya yi.

Ya bar wa abokinsa teburin nama, ya hau mota zuwa Unguwar Marke. Bai ɓoye abin da ya kawo shi ba. Ranar da ya isa ya gaishe da Gatari, ya ce masa hoto ya zo ɗauka, sannan ya sa na'urar hoton a jaka, ya miƙa wa mahaifiyar Gatari, ya ce ta ajiye, ba zai karɓa ba sai ɗanta ya ce. Gatari ya ce, "To za ka tsufa a nan." Ya ce, "Allah ya sa da lafiya."

Gidan su Gatari mahauta ne kamar mu. Da ranar kasuwa ta zo aka kayar da sa, yaron nan ya naɗe hannun riga ya shiga fiɗa ba wanda ya sa shi. Wani tsoho ya tsaya yana kallon yadda yake bin fata da wuƙa, ya ce, "Kai, wannan hannun na sani. Ɗan wane ne kai a Funtuwa?" Da ya faɗi sunan babansu, tsohon ya cire hula ya yi masa addu'a. Daga ranar aka daina kawo masa abinci a zaure, aka ce ya shigo ya sa hannu da maza.

Kwana goma sha ɗaya ya yi. Ya yi sussukar dawa, ya kwana a tabarmar da ƙuma ta cinye masa baya, zazzaɓi ya kama shi kwana biyu. Bai ƙara ta da maganar hoto ba ko sau ɗaya. A safiya ta goma sha ɗaya, bayan an dawo daga masallaci rana ta fara fitowa, Gatari yana zaune a gindin marke yana naɗa kara, sai ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Ɗan Funtuwa, je ka karɓo jakarka. Ɗaya tak. In ka ƙara na biyu, kai ne buhun yashin yau."

Ɗaya ya ɗauka. Kubura, ni da ba na son kallon irin waɗannan abubuwa, na daɗe ina duban hoton nan. Mutumin yana tsaye, ya ɗaga hannun dama a naɗe, hasken safiya ya kwanta a kan igiyar har kina iya ƙirga zagayenta. Fuskarsa ba fushi, ba murmushi, yana duban gefe guda kamar wanda aka kira daga nesa. Da ba don wannan hoto ba, da ba abin da za a yi aiki a kansa.

Ga kuma abin da Barira ta yi.

Masu zane fiye da arba'in ne suka shiga, daga Kano, daga Kaduna, har daga Legas. Sakataren kamfanin ya gaya mata daga baya cewa rabinsu zaki suka zana, sauran gaggafa da harshen wuta. Ita ta rufe kwamfutar, ta ɗauko allura da zare ta zauna kusa da ni. Kwana huɗu tana ɗinki tana warwarewa a kan ƙyallen hula. Abin da ta fitar dunƙulallen hannu ne, amma da zare ɗaya aka yi shi tun daga farko har ƙarshe, bai tsinke ko'ina ba, yadda kara take zagaye hannun ɗan dambe. Sai da ya zauna a ƙyalle sannan ta kai shi kwamfuta. Ta ce abin da ya ɗinku a hula zai fito a ko'ina, a riga, a jikin mota, a ɗan ƙaramin da'irar nan ta waya da bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

Launi biyu ta zaɓa, jan ƙasa irin ta filin sussuka, da shuɗin baba irin na marina. Rubutu kuwa ni ce ma'auninta. Sai ta tsaya a bakin madafa ta ɗaga waya, ni ina ƙofar ɗaki, ta ce, "Inna, karanta." In na yi jinkiri, ko na matse ido, sai ta goge ta sake. Ta ce masu son dambe yawancinsu irina ne, a hankali suke bin baƙi, wayoyinsu kuma gilashin a fashe. Daga kalma goma sha biyar ta dawo da shi kalma uku: Gatari ya dawo. Na ce mata ko za ta sa wa bawan Allahn nan riga, tunda kwamfuta tana iya komai. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Inna, ɗan dambe ne fa, ba ango ba." Amma na lura ta ɗan jawo jan launin nan ya rufe shi daga ƙirji zuwa ƙasa.

Ba Gatari kaɗai ta yi wa ba. Ta tsara yadda duka sha biyun za su riƙa fitowa iri ɗaya, mutum a gefe guda, sunansa a ɗaya gefen, yana fuskantar sunan, tambari a ƙasa. Ko daga nesa kika hango, kin san ɗan gidan Alhaji Nasidi ne. Mako uku tana kan wannan aiki, idonta ya yi ja, wuta in ta ɗauke ta kwashi kwamfuta ta tafi shagon mai caji. Cikin arba'in da wani abu, nata Alhaji ya ɗauka. Da ba don ita ba, da hoton nan yana cikin jaka har yau, hoto ne kawai mai kyau.

Sai dai a nan aka yi kuskuren. Da ta zo sa Gatari a gurbinsa, sai ta ga yana duban waje, ya juya wa sunansa ƙeya. Hoto ɗaya ne, ba wani. A kwamfuta akwai inda ake taɓawa hoto ya juya kamar a madubi. Ta taɓa, ya juyo ya fuskanci sunansa, abin ya yi kyau. Ta ce haka masu zane suke yi kullum, da hoton takalmi, da na kwalbar turare, ba wanda ya taɓa magana. Yaya Babba ya gani ya yaba. Alhaji ya gani ya sa hannu. Sakatare ya gani. Ni ma na gani, na ce masha Allah. Aka buga shi a babban ƙyalle, tsawonsa ya kai mutum uku, aka sa ranar Alhamis bayan la'asar za a sake shi a gidan dambe, a daidai lokacin kuma a ɗora shi a waya.

Yanzu ga abin da Muntari ya yi.

Shi ba a nuna masa aikin ba, don 'yan'uwansa sun ce bakinsa ba ya rufuwa. Kuma gaskiya ba ta hana ni faɗa ba, bai taimaka da komai ba. Ranar da Barira ta ce ya rako ta shagon caji ya riƙe mata jaka, cewa ya yi ana wasa mai zafi, ba zai iya ba. Ranar Alhamis ɗin ya shigo bayan azahar neman abinci. Barira tana salla, ta bar kwamfuta a buɗe a kan tabarma. Ya zo wucewa da kwanon ɗanwake a hannu, ya tsaya.

"Wa ya mayar da Gatari bahago?"

Barira ta sallame ta ce, "Auta, matsa mini daga nan, hannunka duk mai."

"Yaya Barira, wallahi ba wasa nake ba. Kara tana hagu."

"To sai me? Hannu ba hannu ba ne?"

Sai ya ajiye kwanon a ƙasa. Kubura, tun da na yaye yaron nan ban taɓa ganin ya ajiye abinci da saura ba. Ya ce shekara biyu ana cewa hannun daman Gatari ya mutu. Yau kamfaninsa da kansa zai rataye shi a gaban mutum dubu da kara a hagu, a rubuta a ƙasa wai ya dawo. Ya ce ba wanda zai karanta rubutun, hannun za a duba, kuma kafin magariba makaɗa sun sa shi a waƙa. Ya ce mutumin da ya ɓuya shekara biyu saboda hoto ɗaya, in aka yi masa na biyu, ba zai ƙara fitowa ba har abada, kuma zai ce Yaya Babba ne ya ci amanarsa.

Barira ta dubi hoton, ta ɗaga hannunta na dama ta duba, ta sake duban hoton. Sai ta ɗauki waya da sauri.

Aka kira Alhaji, yana hanyar dawowa daga Abuja, waya ba ta shiga. Aka kira sakatare, ya ce shi abin da Alhaji ya sa wa hannu ya sani, umarnin da aka ba shi kuwa shi ne da zarar an saki ƙyalle a fili ya saki hoto a waya, kuma ƙyalle ya riga ya tafi. Kafin mu juya, Muntari ba ya gidan. Takalminsa ma a nan ya bar su.

Abin da ya faru a can, mutane ne suka ba ni labari, shi bai faɗa ba. Ya tarar an sauke ƙyallen a naɗe, ana ɗaura masa igiyar da za a ja shi sama. Ya faɗa a kai ya rungume. Masu tsaron ƙofa sun san shi, ɗan kallon kyauta suke ce masa. Suka ce, "Kai Muntari, yau kuma me ka sha?" Suka ja ƙafarsa, bai saki ba. Suka mare shi, bai saki ba. Wani ya sa masa gwiwa a baki, haƙorinsa na gaba ya fita. Ana tambayarsa dalili, ya ƙi faɗa, don yaran abokan karawar Gatari suna tsaye a wurin, kuma ya san in kalma ɗaya ta fita daidai take da an buɗe ƙyallen. Abin da yake ta maimaitawa kawai shi ne a kira masa sarkin dambe.

Da sarkin damben ya zo, wani tsoho ne, Muntari ya ce masa ya sunkuyo. Ya raɗa masa a kunne, ya ɗaga bakin ƙyallen kamar tafin hannu biyu, daidai wurin karar. Tsohon ya leƙa, ya miƙe, ya ce, "Ku mayar da shi mota, igiyar ba ta da ƙwari, sai an sake wata." Muntari ya bi ƙyallen cikin mota ya zauna a kai, jini yana zuba a rigarsa, har Alhaji ya iso gab da magariba. Kafin nan Barira ta mayar da hoton yadda Allah ya yi mai shi, ta ɗauke sunan ta kai ɗaya gefen. Yaya Babba ya kai wa Alhaji hotunan biyu a waya, juyayyen da na daidai. An ce da ya gane, nan take ya ce a saki na daidai. Da ba don Muntari ba, da hoton da zanen duka sun zama abin da ya kashe Gatari da kamfanin tare.

Aka saki na daidai a waya a ranar, sabon ƙyalle kuma aka rataye shi ran Asabar. Hoton ya zaga inda na farko ya zaga har ya wuce. Tsofaffi suna karɓar wayar yaransu suna ƙirga zagayen igiya a hannun dama. Masu shirya gasa suka fara kiran Alhaji da kansu, an ma sa wa Gatari ranar karawa bayan sallar layya.

Ran Lahadi Alhaji Nasidi ya zo gidan nan, ya zauna a zaure, na gaishe shi ta bayan labule. Ya yi godiya mai yawa. Sannan ya ce yana son ɗaukar mutum ɗaya aiki na dindindin, wanda zai riƙe fuskar kamfanin. Za a tura shi Legas wata shida ya ƙaro sani, in ya dawo shi zai riƙa bin 'yan wasa duk inda suka je, yana ɗauka, yana tsarawa, yana ɗorawa. Na ce, "Alhaji, ai uku ne, kuma ka ga kowa da inda ya fi." Ya ce, "Inna, na sani. Kujera ɗaya ce a ofis, ɗaya a mota. Abin da mutum bai iya ba za a koya masa a can. Ni dai a ba ni wanda aikin nan ya tsaya a kansa." Na tambaye shi game da Barira, mace a cikin maza. Ya ce ƙanwarsa ce take riƙe da ofishin, tare za su riƙa tafiya, wannan ba abin da zai hana ba ne. Ya juya ga yaran, su uku suna durƙushe. Yaya Babba ya ce, "Sai abin da Inna ta ce." Barira ta ce haka. Muntari ya buɗe baki da giɓinsa ya ce haka. Alhaji ya ce zai aiko ranar Juma'a ta sama a karɓi suna.

Tun ranar gidan nan ya yi shiru. Ba wanda ya yi faɗa da wani, da ma faɗan suka yi da na fi samun sauƙi. Kowa ladabi yake ƙara mini. Yaya Babba yana kawo mini hanta kullum, abin da sai Juma'a yake yi a da. Barira ta karɓe mini wanke-wanke. Muntari yana riga ladan zuwa masallaci, kuma kwana shida ke nan bai taka gidan dambe ba. Da can tare suke ci a faranti ɗaya. Yanzu kowa sai ya ce ya ƙoshi, in ɗan'uwansa ya tashi sannan ya dawo.

Na auna su ta kowace fuska. In na dubi Yaya Babba, sai in ga wanda ya shiga inda mutum uku suka kasa, da haƙuri da gaskiya. Shekara tara yana tsaye a kan teburin da ba ya so don mu ci, bai taɓa cewa ya gaji ba. Amma shi ne ya yi kwana goma sha ɗaya yana kallon hannun nan, aka juya shi a gabansa bai gani ba. Kuma kin san tsakanina da ɗan fari, ko ruwa ban taɓa miƙa masa a gaban mutane ba. Ban sani ba ko kunyar nan ce take hana ni ganin haƙƙinsa, ko kuwa tausayin abin da na daɗe ina hana shi ne yake ƙara masa nauyi a idona.

In na dubi Barira, sai in ga aikin da aka yi shela dominsa ita ta yi shi, kuma nata aka zaɓa cikin arba'in. Tambarin da zai zauna a rigunansu shekara da shekaru daga allurarta ya fito. Ta bar karatu a aji biyar lokacin da na kwanta ciwo, ba ta koma ba, wannan ce ƙofar farko da ta buɗe mata. Amma yatsanta ne ya taɓa wurin da ya kusa rushe komai, kuma da aka nuna mata, cewa ta yi hannu ba hannu ba ne.

In na dubi Muntari, sai in ga wanda ya ga abin da mu biyar muka kalla ba mu gani ba, ya ba da haƙorinsa, ya kuma riƙe bakinsa a ranar da riƙe baki ya fi wuya. Zaman gidan damben da na yi shekaru ina kuka a kansa, shi ya ba shi wannan ido, har na rasa me zan ce wa Ubangiji game da addu'o'in da na yi ta yi a raba shi da wurin. In ya samu wannan aiki, wataƙila ya zama mutum. In bai samu ba, ina tsoron inda zai koma. Amma aikinsa na yini ɗaya ne, nasu na makonni. Kuma in na ba da sunansa, mutane za su tambayi me ya yi, amsar kuwa ita ce tona asirin yayarsa. Ga shi auta, za a ce son kai ne irin na uwa.

Na yi istihara sau uku. Zuciyata ba ta karkata ko'ina ba, ko kuwa ta karkata ina ƙin ji, Allah ne masani. Na san rabo yana hannunsa, amma bakina aka ce ya furta, kuma ranar gobe za a tambaye ni adalci tsakanin 'ya'yana.

Roƙona gare ki, ƙawata, maganar nan ta tsaya tsakanina da ke. Kada ki faɗa wa kowa, ko Malam ɗinki, ko 'yarki da take zuwa Funtuwa. Har yau Gatari bai san an taɓa juya masa hannu ba, masu tsaron ƙofa kuma suna nan a kan cewa igiya ce ba ta da ƙwari. Tsohon ƙyallen yana ƙarƙashin gadona a naɗe, da jinin Muntari a gefensa, na rasa yadda zan yi da shi. In kin gama karantawa ki sa takardar a murhu, sannan ki kira ni kafin Juma'a. Kada ki yi dogon bayani, bango yana ji, suna ɗaya kawai za ki faɗa.

To, Kubura, wanda ya samo hoton, da wadda ta mayar da shi abin da duniya ta kalla, da wanda ya hana a rataye shi a juye, wane ne a cikinsu ya fi cancanta da kujerar nan?